Toshewar bututun madaciya: ta baki, ta fata, ko a yi aiki? Abin da mai jinya a Damagaram zai auna

Susa ce ta kawo dattijon asibiti. Idanunsa sun fi wata guda da yin rawaya, amma wannan bai dame shi ba, don a wurinsa shawara ce, ita kuwa shawara kowa ya san maganinta: a jiƙa saiwar rawaya a sha, a ƙaurace wa mai da nama. Ƙaiƙayi ne ya hana shi barci. Ya taso daga wajen Tanut da guntun kara a aljihun rigarsa, yana zaune a benci yana zura shi ta wuya yana kartar baya, ƙwaurinsa duk sawun farce. Na ce, “Baba, fitsarin fa?” Ya ce, “Ɗana, kamar shayin farko.” Na ce, “Bayan gida fa?” Sai ya dubi yaronsa, ya rage murya: “Fari fat, kamar farar ƙasa.”

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin masu tiyata nan Damagaram, kuma duk ranar da na ji ukun nan tare, ƙaiƙayi da jan fitsari da farin bayan gida, na san jiƙo ba zai raba wannan gardama ba. Hanya ce ta toshe.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san madaciya, ya san yadda ake lallaɓa ta kada ta fashe ta ɓata nama. Jakar nan rumbu ce kawai. Hanta ce ke yin ruwan, kamar rabin lita zuwa lita ɗaya kowace rana. Ƙananan hanyoyi na tattaro shi su zama biyu, dama da hagu, su haɗe a ƙofar hanta su zama bututu ɗaya. Bututun ya gangaro, ya ba jakar madaciya reshe, ya ratsa ta ɓangaren da ake kira kan pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, ya zube a farkon ƙaramin hanji ta wani ɗan baki mai tsukewa. Faɗinsa a lafiyayyen mutum bai cika wuce milimita 6 ba. Ruwan nan ne ke rina bayan gida. Idan ya rasa hanya sai ya koma jini, ya rina ido, ya fita ta fitsari, ya tayar da ƙaiƙayi.

Mafi yawan lokuta tsakuwa ce ke toshe shi, sai kuma cutar daji a kan pankiriyas. Amma akwai waɗanda ba kasafai ake gani ba, kuma su ne suka fi cinye wa iyali kuɗi da lokaci, don kowa na ba da shawararsa: wannan ya ce Yamai, wancan ya ce Kano, wani ya ce a yanka a nan kawai. Ga yadda nake auna su idan ɗan uwana ne a kan gadon.

Wane gwaji za a fara biya?

Jini tukuna, don shi ne mai araha kuma shi ke nuna alƙibla. A duba bilirubin, sinadarin da ke rina ido ya yi rawaya, a raba wanda hanta ta riga ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba. Idan na farkon ne ya hau, tare da gwaje-gwajen hanta da ake kira fosfatas da gama-GT, alhali wasu biyun, ALAT da ASAT, ba su tashi sosai ba, toshewa ake zato. Idan ALAT da ASAT ne suka yi sama ƙwarai, to hantar kanta ce ke ciwo. A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Ciwon hanta na B ya yi yawa a ƙasarmu, don haka mutum zai iya ɗauke da shi tun yarinta kuma ga toshewa daban. Takarda ta fito ta ce yana da B, sai a rufe magana, a koma gida da ƙwayoyi, wata biyu su wuce. Haka mai sikila, wadda muke kira emasi: idonsa dama yakan yi rawaya, sai a ce ai ciwonsa ne, alhali masu sikila na yin tsakuwar madaciya tun suna ƙanana. Kada a manta da gwajin daskarewar jini. Idan ruwan madaciya bai isa hanji ba, jiki ba ya iya tsotsar bitamin K, jini ya ƙi tsayawa. Babu likitan kirki da zai soka allura a hanta ko ya sa wuƙa bai gyara wannan ba.

Sai ekografi, hoton nan da ake ɗauka ana goga ƴar na'ura a kan ciki. A ganina babu kuɗin da ya fi wannan amfani a duk tafiyar. Ba ya cutarwa, ana yi wa mai ciki da jariri, kuma yana amsa babbar tambaya: hanyoyin sun kumbura ko ba su kumbura ba, kuma daga ina kumburin ya tsaya? A je da ciki wayam, kamar awa 6 ba a ci komai ba, don jakar ta cika a gan ta da kyau. Rauninsa biyu ne. Iskar hanji na rufe ƙarshen bututun, wurin da tsakuwa da ƙari suka fi son laɓewa. Sannan sakamakon na bin hannun mai yi. Idan takarda ta ce lafiya lau alhali mutum na ƙara rawaya, a maimaita wurin wani, ba abin kunya ba ne.

Tsakanin sikana, babbar na'urar nan mai ɗaukar hoton ciki yanki-yanki, da hoton maganaɗisu ne mutane ke ruɗewa, suna zaton mai tsada shi ne mai kyau. Aikinsu ne ya bambanta. Sikana gwani ne wurin ƙari: girmansa, ko ya kama manyan jijiyoyin jini, ko ya watsu a hanta. Shi ne ke gaya wa likitan tiyata ko abin zai ciru. Amma tsakuwa da yawa ba sa fitowa a sikana, kuma ruwan da ake sa wa a jijiya yana bukatar ƙoda mai lafiya, abin da mai shawarar da ya bushe ba lallai yana da ita ba. Shi kuwa hoton maganaɗisu na hanyoyin madaciya, wanda takardunmu ke rubutawa bili-IRM, na Najeriya kuma MRCP, taswira yake zanawa. Tun 1991 aka fara shi. Ba a zura komai, ba a yanka komai, sai ka ga bututun tun daga rassansa har bakin hanji, da daidai inda ya tsuke da tsawon tsukewar. Sharaɗinsa mutum ya iya kwanciya shiru ya riƙe numfashi, kuma a sanar da likita in akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki. Idan ekografi ya nuna toshewar a sama take, kusa da ƙofar hanta, ko ana zaton ɗaya daga cikin cututtukan nan da ba a saba gani ba, ni hoton maganaɗisu zan zaɓa. Idan dattijo ne mai rama, ba ciwo, ga jakar madaciya ta kumbura har ana taɓa ta da hannu, sikana zan fara.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: in dai babu zazzaɓi, a yi hoton nan kafin a sa kowace irin roba a bututun, wato ɗan tiyon da ake bari a ciki don ruwan ya samu hanya. Da zarar an sa, kumburin ya sauka, wurin ya dagule, taswirar ta lalace.

Akwai gwajin jini da ake kira CA 19-9 wanda ke tayar wa iyalai hankali a banza. Toshewa kaɗai, ko ta tsakuwa ce, na iya ɗaga shi, wasu mutanen kuma jikinsu ba ya yin sa ko da suna da daji. Kada a yi wa kowa kukan mutuwa a kansa, kada kuma a yi murna.

Zazzaɓi na rushe duk wani lissafi

Kafin in shiga kwatanta hanyoyin magani, ga abin da ba ya jiran shawarar dangi. Rawayar ido da zazzaɓi mai karkarwa da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ukun da likitan Faransa Charcot ya siffanta tun 1877, na nufin ruwan da ya taru ya ruɓe. A nan kowa zai ce masassarar sauro ce, kuma daidai ne a gwada. Amma ko gwajin ya nuna akwai ta, in ga farin bayan gida, kada a tsaya nan. Idan mutum ya fara sambatu ko jininsa ya faɗi, sa'o'i ake ƙirgawa. Ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta a asibiti mafi kusa, sannan a buɗe wa ruwan hanya cikin kwana ɗaya ko biyu ta duk ƙofar da ta samu. Irin wannan majinyacin ba a ɗora shi a motar haya a ce sai Yamai ba tare da likita ya daidaita shi ya kuma yarda ba. Kilomita kusan 900 ne.

Ƙofofi uku

Ta farko ita ce ta baki, wadda ake rubutawa CPRE a nan, ERCP a Kano. Ana sa mutum barci, a zura tiyo mai kyamara ta baki har bakin bututun a cikin hanji, a ɗan tsaga bakin, a jawo tsakuwa ko tsutsa da ɗan kwando, ko a ratsa tsukewar da ƴar roba ta zauna a ciki. A Amurka aka fara shiga bututun ta wannan hanya a 1968, likitocin Jamus da na Japan kuma suka fara tsaga bakin a 1974. Daɗinta a fili yake: ba rauni a ciki, ruwan na komawa hanji inda Allah ya nufe shi, mutum na iya tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ba wasa ba ce. Cikin mutum 100, kamar 3 zuwa 10 na samun kumburin pankiriyas bayanta, wani lokaci mai tsanani, ga zubar jini ko hujewar hanji jefi-jefi. Shi ya sa yanzu ba a yin ta don leƙe kawai. Hoton maganaɗisu ya karɓi aikin leƙe, ita kuma sai an tabbata akwai abin da za a ciro ko a buɗe. Tana iya karto ƴan ƙwayoyin nama daga wurin tsukewar a auna, sai dai wannan karton na kuskure daji kusan rabin lokaci, don haka “ba a ga komai ba” bai wanke mutum ba.

Maganar robar nan ce nake so in daɗe a kai, don a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Iri biyu ce. Ta roba zalla tana da araha, tana ciruwa, amma kamar wata 3 take yi ta cushe, dole a koma a canja. Ta ƙarfe, mai kama da ƴar raga, tana buɗewa da faɗi, takan kai wata 6 zuwa shekara, amma da tsada, kuma wadda ba a lulluɓe ba nama na cin ta, ba ta sake fita. Saboda haka ba a sa irin wannan sai an tabbata daji ne wanda ba zai ciru ba.

Akwai wani ɗan kasuwa da aka sa wa ta roba a wata ƙasa. Ya dawo fes, ido ya washe, ya koma rumfarsa a kasuwar Dole, har da walima. An gaya masa ya koma bayan wata 3, amma da bakin da ba ya ji sosai, kuma takardar na cikin jaka. Ga jiki ya yi daɗi, ga kuɗin tafiya sun ƙare. A wata na bakwai aka kawo mana shi cikin dare yana karkarwa har gadon na motsi, bai san wanda ke kansa ba. Matarsa na ta cewa, “Ai an gama mishi aiki, likita, an gama.” Ba a gama ba, aro aka ba shi. Ya tashi, da ƙyar. Tun daga ranar duk wanda ya ce mini zai je a sa masa roba, tambayata ɗaya: kana da kuɗin zuwa biyu, ko uku? In babu, a faɗa wa likitan tun kafin ya fara, don amsar na iya canja abin da zai zaɓa.

Ƙofa ta biyu ta fata ce. Likita na kallon ekografi, ya soka allura ta tsakanin haƙarƙari ta ratsa hanta ta shiga ɗaya daga hanyoyin da suka kumbura, ya bar ɗan tiyo, ruwan ya riƙa zuba a leda. Tana ceton rai idan ta baki ta gagara, ko toshewar na can sama a mahaɗar dama da hagu, ko an taɓa yi wa mutum aikin da ya sauya hanjinsa. Ba ta bukatar dogon barci, don haka wanda ya galabaita ma na iya ɗauka. Wahalarta a gida take. Mutum na zubar da rabin lita ko fiye kowace rana, da gishirin jikinsa a ciki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya busar da dattijo ya taɓa masa ƙoda. Tiyon na toshewa, yana zamewa in an juya cikin barci, ga ƙura, ga wankin wurin. Mai zama a Birni ko Zango, kusa da asibiti, zai iya. Wanda zai koma ruga bayan Gure da leda a kwiɓi, gaskiya ina jin tsoro. In da hali a tura tiyon ya wuce tsukewar har hanji, a rufe na waje, ya fi. Ni dai ina ɗaukar ta a matsayin gada, a haye a kai ga wani abu.

Ta uku wuƙa. Mutanenmu na tsoronta, kuma da dalili: barci mai tsawo, rauni, mako ɗaya ko biyu a gado, haɗarin ɗinki ya yi yoyo, musamman ga wanda shawara ta daɗe ta cinye shi. Amma aiki kala biyu ne, a bambance su. Akwai na cire cutar ɗungurungum. Akwai kuma na kewaye, inda ake ɗauko hanji a ɗinka shi a bututun sama da inda ya toshe, ruwa ya samu sabuwar hanya, cutar na nan inda take. Na kewayen nan ba ya bukatar na'urar da ta wuce abin da ɗakin tiyata na babban asibiti ke da shi, ƙwararren hannu yake bukata. Kuma in ya yi kyau, babu zancen komawa canja roba. A ƙasashen da asibiti ke kusa da gida, roba ta fi yawa ga mai dajin da ba zai ciru ba. A nan, ga mutumin da ke da sauran ƙarfi, toshewarsa a ƙasa take, kuma gidansa na da nisan kwana guda daga inda ake canja roba, sau da yawa ina ganin kewayen ya fi masa rufin asiri. Wanda ya riga ya kwanta, ciki ya tara ruwa, cutar ta watsu, shi kam wuƙa zalunci ce, roba ta ƙarfe ko tiyo sun fi.

Babban aikin cire kan pankiriyas, wanda ke ɗauke da sunan Whipple tun 1935, maganar daban ce. Kamar mutum ɗaya cikin biyar ne ake samu dajin bai wuce ciruwa ba, kuma aiki ne da ake nema wa wurin da suka saba yin sa. In za a yi shi nan kusa, ba dole ne a fara sa roba ba. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2010 ya nuna waɗanda aka fara sa wa roba sun fi samun matsala a kan waɗanda aka wuce da su aiki kai tsaye.

Kowace cuta da ƙofarta

Wasu daga cikin cututtukan nan, da an gane su, zaɓin ya yi sauƙi. Macijin ciki, doguwar tsutsar nan da yara ke kasayarwa, takan hau daga hanji ta shige bututun. Mai ekografi na iya ganin ta kamar dogon zare biyu, wani lokaci tana motsi. Yawanci da hutun ciki da ƙarin ruwa da maganin murɗa takan koma da kanta, a bi ta da albendazol. Sai in ta maƙale ko ta mutu a ciki ake jawo ta ta baki. Tsutsar hanta mai kama da ganye, wadda mahauta ke gani a hantar shanu, na shiga mutum ta ɗanyen ganyen bakin tafki. Maganinta tirikilabendazol, maganin tsargiya ba ya kashe ta.

Jakar ruwa a hanta ta fi shafar makiyaya. Mahauci ya ga ƙullin ruwa a hantar raƙumi ko tunkiya, ya yanke ya jefa wa kare, kare ya kasayar da ƙwan, ƙwan ya shiga abincin mutum. Shekaru jakar na girma, wata rana ta danne bututun ko ta fashe a ciki, ƴaƴanta su toshe shi. A nan aiki ne da albendazol kafin da bayan. Ta baki na iya share bututun, amma ba ta taɓa uwar jakar. Kuma in jakar ta haɗe da hanyoyin madaciya, ba a tsotse ta da allura a zuba mata magani, don maganin na ƙona hanyoyin.

Wata kuma tsakuwa ce da ba ta shiga bututun ba sam, ta maƙale a wuyan jakar madaciya ta danne shi daga waje. Sunan likitan Ajantina Mirizzi take ɗauke da shi tun 1948. Maganinta aiki, amma amfanin gane ta tun kafin a shiga shi ne wurin ya manne, mai cire jakar na iya yanke babban bututun bai sani ba. Wannan ya kawo mu ga tsukewar da ke biyo bayan aikin cire madaciya. In shawara ta taso makonni ko watanni bayan irin wannan aiki, a nemi likitan da ya saba gyaran bututun, ko da nisa. Gyaran farko shi ne mai albarka, kowane na bayansa sai bututun ya ƙara gajarta.

Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita, bututun ya buɗe ya zama kamar tulu. Ta fi kama mata, takan bayyana a yarinta da ciwon ciki da shawara mai zuwa tana tafiya. Roba ba ta da amfani a nan, kewaye ma bai isa ba. Cire tulun ake yi gaba ɗaya a haɗa hanji da abin da ya saura, don in an bar shi yana iya rikiɗa ya zama daji bayan shekaru.

Masu wuyar sha'ani su ne masu kama da daji. Ƙarin da ke fitowa daidai mahaɗar dama da hagu, wanda Klatskin ya bayyana a 1965, ciruwarsa na bukatar a yanke wani ɓangaren hanta, kewaye kuma da wuya don babu sauran bututu a sama. Amma kaluluwar tarin fuka na iya danne wurin ta ba da hoto kusan iri ɗaya, ita kuwa maganin wata 6 ne. Haka wata cutar garkuwar jiki da ake ganewa da gwajin IgG4, wadda ke narkewa da piredinisolon cikin ƴan makonni. Kada wani ya ji haka ya je kanti ya saya. In tarin fuka ne, maganin nan hura wuta zai yi. Sai kuma wadda ke tsuke hanyoyin nan da can har hoton ya fito kamar carbi, mai tafiya da gyambon babban hanji. Ita buɗa wurin da ya fi tsukewa ake yi ta baki, ƙarshenta kuma dashen hanta.

Jariri ba ya jira

Duk abin da na faɗa a sama, in ba mai zazzaɓi ba, da sauran lokacin yin shawara. Ban da wannan. Ana haihuwar wasu jarirai bututunsu na shafewa, kamar ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000 a ƙasashen Turai. Yaron na shan nono, yana ƙiba, ba ya kuka, shi ya sa ake sakankancewa. Rawayar ido a makon farko abu ne da aka saba. Wadda ta wuce kwana 14 dole a auna jini. Kashin mai shan nono ruwan ƙwai ne ko kore-kore. In ya koma fari-fari kamar ƙullun koko, fitsari kuma na rina zane, a tashi.

Aikin da likitan Japan Morio Kasai ya ƙirƙiro a shekarun 1950, na ɗinka hanji kai tsaye a ƙofar hanta, ya fi cin nasara kafin kwana 60. Bayan kwana 90 dama ta ragu ƙwarai. Ku lissafa da al'adarmu: mai jego na wanka, ba ta fita sai ta yi arba'in, wata ma tana gidan iyayenta a ƙauye. Ranar da ta fito saura kwana 20, a cikinsu za a yi gwaji, a samu takardar turawa, a nemi kuɗin mota, a isa wurin likitan tiyatar yara. A Taiwan kati mai launukan kashi suke ba uwaye su riƙa gwadawa. Mu kakanni da ungozoma ne katinmu, su ke wanke zanen. Inna, in kin ga fari, kada ki jira arba'in. Ko aikin ya yi kyau, da yawa cikin yaran kan bukaci dashen hanta daga baya, amma yana sayo musu shekaru. A nan babu zaɓi tsakanin roba da tiyo da wuƙa, wuƙa ce kawai, da wuri.

Yamai ko Kano?

Wannan ma sai an auna. A fara daga Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ko cibiyar uwa da yaro in jariri ne, a samu jini da ekografi da takardar turawa. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kamar kilomita 240 ta Matamaye da Daura, ga Hausa ko'ina, ga dangi da yawancinmu ke da su can. Amma akwai iyaka, akwai canjin kuɗi, takardunmu da Faransanci suke, nasu da Ingilishi, har ma'aunin bilirubin kan bambanta. Yamai da nisa, sai dai tsarin ɗaya ne, likitan da ya tura ka na iya kiran wanda zai karɓe ka, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 na cikin tsarin kulawa kyauta da aka kafa tun 2006. Ko ina aka zaɓa, a kira tukuna a tabbatar ana yin ainihin abin da za a je nema, kuma na'urar na aiki a makon. A tafi da hotunan kansu, a faifai ko a waya, kada a tsaya ga takardar bayani. Kafin a baro can kuma a sa likita ya rubuta abin da ya sa a ciki, roba ko ƙarfe, da ranar da za a canja.

Shi dattijon Tanut, sikana ya nuna ƙari a kan pankiriyas, ya riga ya naɗe jijiya, ba zai ciru ba, amma bai watsu ba kuma da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Likita ya zaunar da ƴaƴansa ya shimfiɗa musu duka biyun. Babban ya ce, “Likita, in an sa robar, sau nawa za mu koma?” Da ya ji amsa sai ya juya wurin mahaifinsa. Tsohon ya ce shi dai a raba shi da susa, kuma ba ya son ya mutu a hanya. Aka yi kwanaki ana ba shi bitamin K da ƙarin ruwa, aka yi masa kewaye. A kwana na biyar yaron ya tare ni a baranda yana murmushi, wai bayan gidan Baba ya yi launi. Ana gobe sallama na ga guntun karan a bakin taga, na tambaye shi ko in sa masa a kaya, ya ce in ba mai bukata.